Tsakanin kunne da kafaɗa

A makon ƙarshe na duba takardun jarrabawar zangon da ya gabata, na wayi gari wata Talata wuyana ya ƙage. Ba halin in waiga dama ko hagu, sai dai in juya gangar jikina gaba ɗaya, kamar yaron da aka ɗora wa tulu aka ce kada ya zubar. Sallamar sallar asuba ma da ƙyar na yi ta. Da na zo fita aiki, fitar da mota da baya ya zama aikin mutum biyu: ni ina riƙe da sitiyari, ɗana na fari yana tsaye a bakin ƙofa yana cewa, "Abba taho, Abba tsaya." Shekaruna arba'in da 'yan kai, kusan ashirin daga cikinsu na yi su ina koya wa ɗalibai lissafin nauyin da ƙarfe zai iya ɗauka kafin ya lanƙwashe, amma ban taɓa zama na yi wa wuyan da ke ɗauke da kaina irin wannan lissafi ba.

Na yi abin da kowa ke yi. Uwargida ta shafa mini man zafi, na aika kemis aka sayo ƙwayar rage raɗaɗi, na ɗora laifin a kan iskar fanka. Kwana uku abin ya lafa, bayan mako biyu ya dawo. Da wata tafiya ta kai ni Abuja sai na shiga wani babban kanti na sayi matashin kai na zamani, irin mai tudu biyu da kwari a tsakiya, an zana hoton ƙashin baya a jikin kwalinsa, an kuma rubuta da manyan baƙaƙe cewa likitocin ƙashi sun yaba da shi. Kuɗin da na biya, kunya ba za ta bar ni in faɗa a shafin jarida ba. Ya ishe ka ka sani cewa sai bayan wata guda na gaya wa uwargida gaskiyar farashin. Dare huɗu na kwana a kansa. A na biyar na wurgo shi ƙasa cikin dare, domin tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri: ciwon da a da yake tsayawa a wuya yanzu ya gangaro har allon kafaɗa.

A nan ne na kai kukana wurin wani abokina likitan gashin ƙashi. Na zaci zai tura ni ɗaukar hoto. Bayan ya gwada ƙarfin hannayena, ya tambaye ni ko yatsuna na mutuwa ko ina jin zazzaɓi, na ce a'a, sai ya ce, "To Dakta, yaya kake kwanciya, rigingine ko gefe? Katifar taka mai tauri ce ko mai lotsawa?" Ya sa na hau gadon gwaji na kwanta a gefen dama, ya ɗauko tawul huɗu yana ninkewa yana cusawa a ƙarƙashin kaina ɗaya bayan ɗaya, yana ja da baya yana duban ƙeyata kamar magini mai auna bango da igiya. A wani mataki na ji kafaɗata ta saki, wani nauyi da ban san ina ɗauke da shi ba ya sauka. Ya ce, "Nan ne naka." Ya zare ninki ɗaya, na ji bambanci. Ya ƙara biyu, na ji bambanci. Abin da ke tsakanin daidai da akasinsa bai kai kaurin yatsa biyu ba. Matashin da na sayo, in ji shi, ba shi da wani aibi a karan kansa, illa dai an yanka shi ne a ma'aunin wani mutum da ba ni ba.

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin magana ce ta fannina, ba ta likitanci kaɗai ba. Amma bari mu fara da ginin da ake magana a kansa. Ƙashin bayan ɗan Adam jerin ƙananan ƙasusuwa 33 ne da aka ɗora wani kan wani: 7 a wuya, 12 a inda haƙarƙari ke liƙe, 5 a ƙugu, sauran 9 kuma a can ƙasa, mafi yawansu a haɗe. Bakwai ɗin na wuya, adadinsu ɗaya ne da na raƙumin dawa duk da tsawon wuyansa. Nasa dai kowanne ya fi namu girma ne nesa ba kusa ba. Tsakanin yawancin ƙasusuwan akwai faifan guringuntsi mai rage girgiza, ta tsakiyarsu laka ta ratsa, ta gefensu kuma akwai ƙananan kafofi da jijiyoyi ke fita zuwa kafaɗa da hannu har yatsu. A kan wannan siririn ginshiƙi aka ɗora kai, mai nauyin kilo huɗu da rabi zuwa biyar a babban mutum, wato kusan jarkar ruwa mai lita biyar. Idan ka dubi lafiyayyen ƙashin baya ta baya, a miƙe yake. Idan ka dube shi ta gefe, ba sanda ba ce: ya ɗan lotsa ciki a wuya, ya turo waje a gadon baya, ya sake lotsawa a ƙugu.

Da rana tsoka ce ke riƙe da wannan tsari, tana gyara shi ba tare da saninka ba. Da dare kuwa tsoka takan saki, musamman a lokacin barcin da ake mafarki, inda jiki ke kusan sakewa ɗungum. A wannan hali duk inda matashi ya ajiye kai, nan zai zauna, gaɓoɓi da igiyoyin da ke ɗaure da su su ɗauki nauyin na sa'o'i. Lanƙwasa yatsanka baya kaɗan ka riƙe shi minti goma, za ka fahimci abin da wuya ke sha idan aka karkata shi sa'a shida. Aikin matashi ke nan a taƙaice: ya cike gurbin da ke tsakanin kai da shimfiɗa, yadda wuya zai kwana a yanayin da yake idan mutum na tsaye a natse. Taushi da ƙamshi da ado duk ƙari ne.

Matsalar ita ce gurbin nan ba ɗaya ba ne. Mai kwanciyar gefe, gurbinsa shi ne tazarar da ke tsakanin kunne da bakin kafaɗa, kuma tazarar ƙato mai faɗin ƙirji ba ɗaya take da ta siririyar yarinya ba. Mai kwanciya rigingine gurbinsa ƙarami ne: ɗan abin da zai tallafi lotsawar wuya ba tare da ya tura haɓa ta haɗu da ƙirji ba. Mai kwanciya ruf da ciki kuwa, ko babu matashi wuyansa a murɗe yake kwana, tunda dole ya juya fuska gefe ya yi numfashi. A ba shi matashi mai tudu, an ƙara masa lanƙwasa a kan murɗa. Sai kuma shimfiɗar kanta. A kan katifa mai taushi kafaɗa na nutsewa, tazarar ta ragu, a buƙaci matashi gajere. A kan tabarma ko katifar da ta yi tauri kafaɗa ba ta nutsewa, a buƙaci mai tsawo. Wato mutum ɗaya da matashi ɗaya, ya sauya katifa kawai, lissafin ya rushe. Kuma tsawon da ake magana a kai ba wanda kake gani a kanti ba ne, wanda ya rage ne bayan kilo biyar sun danne shi. Matashi biyu masu tsawo ɗaya a kan kanta, ɗaya zai iya komawa rabinsa a ƙarƙashin kai, ɗayan ya tsaya kusan yadda yake. Shi ya sa matsa matashi da tafin hannu a kasuwa, yadda muke yi kamar masu zaɓen burodi, ba ya gaya wa mai saye abin da yake buƙatar sani.

Akwai wani labari da nakan ba ɗaliban aji uku duk shekara, kuma sai da wuyana ya ƙage na gane ni ma ban ɗauki darasinsa ba. A ƙarshen shekarun 1940 rundunar sojan sama ta Amurka ta yi ta fama da haɗurran jiragen yaƙi. Kujeru da wurin zaman matuƙi an tsara su ne bisa matsakaicin ma'aunin matuƙa da aka ɗauka tun 1926, don haka aka yi zaton ko matuƙan ne suka ƙara girma. A 1950 aka auna jikin matuƙa 4,063. Wani matashin jami'i mai suna Gilbert Daniels ya zaɓi ma'aunai goma, irin su tsawo da faɗin ƙirji da tsawon hannu, ya tambayi kansa: mutum nawa ne daga cikin dubu huɗun nan suka faɗa a matsakaici a dukkan goman? Amsar ita ce babu ko ɗaya. Wannan yana da dogon hannu da gajeriyar ƙafa, wancan faffaɗan ƙirji da siririn ƙugu. Kujerar da aka yi wa "matsakaicin mutum" ashe ba a yi wa kowa ita ba. Mafitar da aka ɗauka ita ce a daina neman ma'auni guda, a yi kujera da feda da maɗauri waɗanda matuƙi zai matsar da su su dace da shi. Yau ba wanda zai sayi motar da aka walda kujerar direbanta wuri ɗaya. Amma muna sayen matashin da aka ɗinke bakinsa ruf, mu kwana a kai kusan sulusin rayuwarmu, in bai dace ba mu ce wuyanmu ne ke da matsala.

Daga wannan tunani aka samo matashi mai daidaituwa, wanda mai shi ke iya ƙara masa tsawo ko rage shi. Mafi sauƙinsa jaka ce mai zif a gefe, cike da yankakken soso ko auduga ko ɓawon hatsi: ya yi tudu ka ɗebe, ya kwanta ka ƙara. Fa'idarsa ita ce gyaran ba shi da iyaka, ana iya yin sa da dunƙule ɗaya. Illarsa kuma cikin na gudu, ka kwanta a kan tudu ka farka a cikin rami. Wani nau'in an yi shi da faifan soso hawa-hawa, kana zare ɗaya ko ka mayar. Wannan ba ya gudu, sai dai idan abin da kake buƙata ya faɗa tsakanin hawa biyu, ka rasa. Akwai mai jakar ruwa a ƙasa da auduga a sama, yawan ruwan da ka zuba shi ne ke ƙayyade tauri da tsawo, akwai kuma mai iska da ake hurawa. Waɗannan biyun ban ga dacewarsu da gidajenmu ba, inda yara ke tsalle a gado kuma allura ba ta rasa inda za ta faɗi.

Wanda ya fi burge ni, a matsayina na mai koyar da zane, shi ne na Japan. A can akwai shaguna, har da na kamfanin Nishikawa da ya samo asali tun 1566, inda ake auna lotsawar wuyan mutum da faɗin kafaɗarsa kafin a haɗa masa matashi. Cikinsa a rarrabe yake aljihu-aljihu: na tsakiya inda ƙeya ke sauka gajere, na ƙasa inda wuya ke kwanciya ya ɗan fi shi, na gefe biyu kuma su ne mafi tsawo. Kowane aljihu da bakinsa, ana cika shi da guntayen bututun roba ko ɓawon wani hatsi da suke kira soba. Hikimar a bayyane take. Ba wanda ke kwana a yanayi ɗaya. Mai barci na juyawa sau da yawa kafin asuba ko da bai sani ba. Idan yana rigingine kansa na tsakiya inda tsawon ya yi ƙasa, idan ya mirgina gefe kunnensa ya hau aljihu mai tsawo. Rarraba cikin kuma ya magance gudun da na ambata. Wata likitar ƙashi a can mai suna Shuori Yamada ta shahara da koya wa masu ciwon wuya haɗa matashi a gida da shimfiɗar bakin ƙofa da bargon tawul, suna ƙara ninki ko ragewa milimita biyar-biyar, har su sami tsawon da za su iya juyawa a kai ba tare da yunƙuri ba. Abin da abokina ya yi mini da tawul huɗu ke nan.

Shi kuwa soson zamani da na sayo, wanda ake wa laƙabi da mai tuna siffa, yana da tarihi mai ban sha'awa: an ƙirƙire shi a 1966 a ƙarƙashin wata kwangila ta hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, don inganta kujerun jirgi. Yana rarraba nauyi da kyau, wannan gaskiya ne. Amma yana da hali biyu da 'yan kasuwa ba sa faɗa. Yana riƙe zafi, kuma taurinsa na bin yanayi: ya yi laushi da zafi, ya ƙanƙame da sanyi. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40 kuma wutar lantarki ba ta da alƙawari, matashin da ya tallafe ka a daren hunturu na iya nutsewa da kai a daren bazara, ka farka gumi ya jiƙe maka ƙeya. An gwada shi ne a ɗakunan da zafinsu ba ya sauyawa, ba a ɗakina ba.

Da na kai wa mahaifiyata wannan bayani da zumuɗin wanda ya gano sabon abu, dariya ta yi. Ta aiki jikanyarta ta ɗauko wani tsohon matashi daga ɗakinta, na yadi mai kauri, cike da audugar rimi, bakinsa ɗaure da zare maimakon ɗinki. Ta ce, "Kai da bokonka. Mu da can in matashi ya kwanta kwance bakinsa ake yi, a shanya audugar a rana, a bubbuge ta, a ƙara sabuwa. Na mahaifinku ya fi nawa cika, don ya fi ni kafaɗa." Na yi shiru. Ashe abin da ake tallatawa yau da sunan fasaha, a kan kuɗi mai yawa, shi ne abin da gidajenmu ke yi kafin katifar soso ta zo ta kore shi. Audugar rimi kuwa ba abin rainawa ba ce. Zarenta rami gare shi a ciki, shi ya sa ba ta da nauyi kuma ruwa ba ya saurin shigarta, har aka daɗe ana cika rigunan ceto na jiragen ruwa da ita kafin zuwan roba. Tana da nata lahani: tana dunƙulewa da daɗewa, tana kama wuta da sauri, kuma ƙurarta na iya tayar wa mai asma. Amma dunƙulewar ba matsala ba ce ga matashin da ake iya buɗe bakinsa. Duk abin da aka cika matashi da shi, soso ne ko auduga ko gashin tsuntsu, yana kwantawa da amfani. Wanda ya dace da kai bana ba lalle ya dace da kai baɗi ba, kuma wannan shi ne dalili na biyu, wanda ba a cika ambata ba, da ya sa ya kamata matashi ya kasance mai gyaruwa.

Mutanen da ma ba su ɗauki taushi a matsayin manufa ba. A kabarin Fir'auna Tutankhamun da aka buɗe a Masar a 1922 an sami matasai masu tauri, har da wani na hauren giwa, ginshiƙi ne da ɗan lanƙwasa a sama inda kai ke sauka. Makiyayan Turkana a Kenya da na Somaliya da Habasha suna da na itace da ake sassaƙawa, wasu ma su rataya shi duk inda za su. A Sin an yi na tangaram. Kuma sananne ne a littattafan hadisi cewa matashin Manzon Allah (SAW) na fata ne da aka cika da zaren dabino, kamar yadda dukawanmu suka daɗe suna ɗinka matasan fata da har yau ake samu a Kasuwar Kurmi. Ba ina cewa mu koma kwana a kan itace ba ne. Abin lura shi ne duk waɗannan sun fi kula da tsawo da tsayuwa a kan laushi. Mu kuma da yawanmu muna fara barci a gefen dama bisa sunna, wato a yanayin da tazarar ta fi faɗi kuma kuskuren tsawo ya fi illa.

Sai dai kada in sayar wa mai karatu abin da aka sayar mini. Binciken da aka yi a kan matashi da ciwon wuya yawancinsa ƙanana ne, na 'yan makonni. Wanda masu matashin ruwa suka fi kafa hujja da shi an yi shi ne a jami'ar Johns Hopkins a 1997, da mutum 41 kacal. Wani da aka yi a Ostireliya ya nuna matashin gashin tsuntsu ya fi sauran barin mutane da ciwo da safe, na ɗanyen roba kuma ya yi abin kirki. Babu wani tsawo guda da masana suka haɗu a kai, kuma bayan labarin Daniels bai kamata wannan ya ba kowa mamaki ba. Kalmomin likitanci da ake bugawa a jikin kwali ba shaida ba ce. Kuma matashi ba ya biyan bashin da rana ta ci. A 2014 wani likitan tiyatar ƙashin baya a New York, Kenneth Hansraj, ya wallafa wani lissafi da ke nuna cewa idan aka sunkuyar da kai digiri 60, kamar yadda muke yi a kan waya, nauyin da wuya ke ji na kai wa kimanin kilo 27. Lissafin kwamfuta ne, ana iya jayayya da adadin, amma duk wanda ya san yadda nauyi ke ƙaruwa idan ya yi nisa da madogararsa ya san maganar na kan hanya. Ni da na yi mako uku a sunkuye a kan takardun ɗalibai sama da ɗari uku, ba zan ɗora wa matashi dukkan laifin ba.

Akwai kuma inda maganar matashi ba ta taso ba sam, kuma nan ne nake roƙon a saurare ni da kyau. Idan wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi da matsanancin ciwon kai, ko amai, ko ido ya ƙi haske, ko mutum ya fara ruɗewa, wannan ba kwanciya ba ce, asibiti ake nufa a lokacin, ba gobe ba. Muna zaune ne a yankin da sanƙarau ke ɓarkewa a lokacin zafi, kuma annobar 1996 kaɗai ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya. Haka idan ciwon na sauka hannu da mutuwar yatsu ko raunin riƙo, ko tafiya ta fara harɗewa, ko ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin babur, ko yana tare da rama da gumin dare. Haka kuma wanda ya mayar da ƙwayar rage raɗaɗi abincin safe, ya sani cewa irin su diclofenac, idan aka daɗe ana sha, suna iya cin ciki su taɓa ƙoda. Sannan jarirai: ƙungiyoyin likitocin yara sun yi ittifaƙi cewa ɗan ƙasa da shekara ɗaya ba a sa masa matashi ko kaɗan, a kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai tauri, saboda haɗarin toshewar numfashi. Na faɗi wannan ne domin na ga 'yan mitsi-mitsin matasai masu ado a cikin kayan barka fiye da sau ɗaya.

Ga wanda ciwonsa irin nawa ne, gwajin ba ya cin ko kwabo. Ka kwanta a katifar da kake kwana a kai, ba wata ba, a gefen da ka saba. Wani ya durƙusa daidai tsawon gadon ya ɗauke ka hoto da waya ta gaba. Hanci da haɓa da tsakiyar ƙirji su kasance a layi ɗaya da ya yi daidai da shimfiɗa. Idan kai ya sunkuya wajen katifa matashin ya yi gajere, idan ya ɗaga sama ya yi tudu. Kafaɗa kuma a kan katifa take zama, ba a kan matashi ba. Wanda ke farkawa ya tarar ya cusa hannu a ƙarƙashin matashi ko ya ninka shi biyu, jikinsa ya riga ya gaya masa amsar, ai jiki magayi. A gyara da ninkin tawul, kaɗan-kaɗan, a ba kowane gyara dare uku ko huɗu kafin a yanke hukunci. Mai kwanciyar gefe zai ƙaru idan ya sa wani ƙaramin matashi tsakanin gwiwoyinsa don kada ƙugu ya murɗe, mai rigingine kuma a ƙarƙashin gwiwa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kayan ɗaki. Uba zai ci bashi ya yi wa 'yarsa gado na gani na faɗa, a jera matasai shida ko takwas masu kwalliya, duk tsawonsu ɗaya, duk an cusa su sun yi tauri kamar buhun siminti don su tsaya da kyau ranar jere. Ango mai faffaɗar kafaɗa da amarya 'yar siririya su kwana a kan ma'auni ɗaya, wanda ba a ɗauka a jikin ɗayansu ba. A ɗakunan kwanan ɗalibai kuwa na ga masu tada kai da jakar littattafai ko ninkakkiyar sallaya, kuma abin dariyar shi ne wasunsu sun fi masu matasan adon dacewa, tunda su aƙalla suna iya ƙarawa da ragewa. Mu a jami'a ma ba mu tsira ba. Muna ba ɗalibai aikin kammala karatu a kan injinan da ba za a taɓa ƙerawa ba, alhali ba zai gagari sashen injiniya da sashen gashin ƙashi su haɗu su auna tazarar kunne da kafaɗar 'yan ɗaruruwan mutanenmu ba, su kuma gwada yadda audugar rimi da buntun shinkafa da yankakken soso ke kwantawa a ƙarƙashin kilo biyar bayan wata shida. A Jamus ana sayar da matashin da aka cika da ɓawon wani nau'in gero a shagunan kayan lafiya, mu kuwa buntu ƙona shi muke yi a bayan injinan casa.

Ni dai na zana abin da nake so a bayan wata takarda na kai wa wani tela a kasuwa: jaka mai aljihu huɗu, ɗaya a tsakiya, ɗaya dogo a ƙasa, biyu a gefe, kowanne da zif ɗinsa, sai riga ta waje da za a riƙa cirewa a wanke. Ya juya takardar ya sake juyawa, ya ce, "Malam, filo ne wannan ko jakar tafiya?" Na ce ya dai ɗinka. Kuɗin yadi da zif da ɗinki da audugar rimi gaba ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da na kashe a Abuja ba. Dare goma sha biyu na yi ina ɗiba ina ƙarawa. Aljihun dama ya ƙare da cika fiye da na hagu, don katifarmu ta fi lotsawa ta ɓangare ɗaya. Audugar da ta rage tana cikin leda a saman durowa, ina ƙara dunƙule ɗaya ko biyu duk bayan 'yan makonni. Makon jiya da na koma karɓar ɗinkin yara, na tarar telan ya rataye guda uku irinsa a bakin shago, ya rage aljihun zuwa uku don a cewarsa zif ya yi tsada. Na tsaya na yi masa bayanin dalilin da ya sa na huɗun ba zai ciru ba, ya ce zai mayar idan mai saye ya yarda ya biya.